BLAST na NCBI: Yadda Yake Aiki Idan Aka Haɗa Masa Ofosum da Bakteriyar Teku

BLAST hidima ce ta kyauta da cibiyar NCBI, wato cibiyar ƙasa mai adana bayanan kimiyyar halittu, ke gudanarwa daga Bethesda a jihar Maryland ta Amurka. Aikinsa guda ne: ka ba shi jerin haruffan DNA ko na furotin, ya shiga rumbun bayanai ya nemo masu kama da shi, ya daidaita musu sahu, sannan ya gaya maka ko kamar ta wuce abin da dace kawai zai iya haifarwa. Stephen Altschul da abokan aikinsa huɗu ne suka fitar da shi a 1990, kuma har yau ba a neman rajista ko ko sisin kwabo kafin a yi amfani da shi. Da yawa daga masu shiga suna kwatanta halittu makusanta ne, irin su mutum da ɓera, kuma a nan da wuya ya ba da matsala. Ingancinsa da rauninsa suna fitowa fili ne idan aka ba shi halittu biyu da suka yi nisa matuƙa, shi ya sa wannan sharhi ya ɗauki ƙaramin ofosum na Kudancin Amurka da wata bakteriya da ke rayuwa a saman ruwan teku.

Ofosum ɗin shi ne Monodelphis domestica, mai furfurar gashi da gajeriyar wutsiya, wanda ake samu a Brazil da Bolibiya da Faraguwai. Girmansa bai wuce na gafiya ƙarama ba. Dangin kangaru ne, wato dabbobin da ke haihuwar 'ya'ya tun ba su ƙosa ba, sai dai ita macen wannan nau'in ba ta da jaka: bayan ciki na kimanin mako biyu, 'ya'yan sukan maƙale a kan nono ne kawai. Shi ne na farko a danginsa da aka karanta kundin gadonsa gaba ɗaya, aikin da cibiyar Broad ta jagoranta aka buga a 2007. Kundin yana da haruffa kimanin biliyan 3.5, da ƙwayoyin gado masu samar da furotin tsakanin 18,000 da 20,000, kuma kusan rabinsa maimaici ne.

Bakteriyar kuwa ita ce Pelagibacter ubique, nau'in da ake kira HTCC1062, daga rukunin SAR11 wanda ya samo sunansa daga tekun Sargasso. Ɗakin binciken Stephen Giovannoni a Jami'ar Jihar Oregon ne ya fara raya ta a 2002, aka buga kundin gadonta a 2005: haruffa 1,308,759, da ƙwayoyin gado masu furotin 1,354. Kundin ofosum ya ninka nata fiye da sau 2,600, amma yawan furotin ɗinsa bai ninka nata fiye da sau 15 ba, domin ita ba ta bar wani fili banza ba. Akwai dalilin da ya sa kwatanta su ba wasa ba ne. Mitokondiriya, wato sashen ƙwayar halitta da ke ƙona abinci da iskar oksijin ya samar da kuzari, asalinta bakteriya ce da ta zauna cikin wata ƙwayar halitta fiye da shekara biliyan ɗaya da suka wuce, kuma danginta na kusa su ne Alphaproteobacteria, rukunin da Pelagibacter ke ciki. Don haka a jikin ofosum akwai furotin da ya kamata a ga 'yan uwansu a cikin bakteriyar, akwai kuma waɗanda bai kamata a gani ba. Hidima mai inganci dole ta bambance su.

Furotin da ya fi dacewa a fara da shi shi ne COX1, babban sashen enzayim ɗin da ke miƙa lantarki ga oksijin a ƙarshen aikin numfashi. Ana samo shi a rumbun Protein na NCBI ta hanyar rubuta sunan dabbar da COX1. Tun a nan ake fara tuntuɓe, domin akwai wani enzayim daban da ake kira COX-1, wanda asfirin ke daƙilewa, kuma bincike kan fito da su duka biyu. Wanda ake so tsawonsa ɗan sama da amino asid 510 ne, wato haruffan da ake gina furotin da su, kuma bayaninsa zai nuna daga mitokondiriya yake. Ɗayan ya kusa 600, sunansa na hukuma PTGS1. Idan an same shi, sai a kwafi jerin a tsarin FASTA, wato layin suna da haruffa zalla a ƙarƙashinsa, a buɗe Protein BLAST, a liƙa a akwatin farko. A gurbin Database a zaɓi nr, babban rumbun furotin na NCBI, a gurbin Organism a rubuta lambar 335992, wadda ita ce lambar HTCC1062. Ta ofosum 13616 ce. Amfani da lamba ya fi amfani da suna, saboda wasu jerin sunaye yanzu suna rubuta bakteriyar da communis a madadin ubique. Idan aka zaɓi rumbun refseq_protein kuma sakamako ya fito wayam, ba lallai ba ne babu furotin ɗin: bayanan da lambarsu ta fara da WP_ galibi an rataya su ne a kan jinsi gaba ɗaya, ba a kan nau'i guda ba, don haka sai a goge lambar a rubuta Pelagibacter kawai.

Da rumbu ƙarami haka, amsa ba ta jimawa. A saman jeri za a ga sashe na ɗaya na enzayim ɗin bakteriyar, wanda ake yi wa laƙabi da CtaD ko CoxA, sahunsa ya mamaye kusan dukan tsawon furotin ɗin ofosum, haruffan da suka yi daidai sun kai rabi ko sun haura, kuma E value, lambar da ke auna ko kamar dace ce kawai, ta yi ƙanƙantar da babu sauran shakka. A nan BLAST ya cancanci yabo ba tare da ragi ba. Amma kada a tsaya a teburin farko. A buɗe shafin Alignments a duba layin tsakiya: inda harafi ya bayyana, jerin biyu sun yi daidai, inda aka sa alamar tarawa, amino asid ɗin sun bambanta amma halinsu ɗaya, inda aka bar fili, sun saɓa. A nemi haruffan HPEVY, sannan a ci gaba kimanin gurbi hamsin a nemi H guda biyu a jere. Waɗannan H uku, wato amino asid histidin, su ne ke riƙe da ƙwayar tagulla a daidai wurin da ake mayar da oksijin ruwa, kuma Y ɗin da ke ƙarshen HPEVY tana ɗaure da H ɗin farko. Ganin su zaune a gurbi ɗaya a jikin dabba mai shayarwa da kuma a bakteriyar da tsawonta bai kai mikiromita ɗaya ba ya fi kowace lamba da ke teburin gamsarwa, kuma hidimar tana nuna shi a sarari ga duk wanda ya san abin da yake nema.

Matsala ta farko mai girma tana jiran wanda ya shiga ta ƙofar Nucleotide BLAST da jerin DNA na COX1. Shafin yakan zo a saite kan megablast, wanda ba ya fara daidaita sahu sai ya ga haruffa 28 a jere sun yi daidai babu kuskure ko ɗaya. An yi shi ne don jerin da suka kusa zama abu ɗaya. A ce DNA ɗin biyu sun yi daidai da kashi 60 cikin 100: damar samun 28 a jere a wani gurbi ba ta kai ɗaya cikin miliyan ba, kuma ko an tattara duk gurabe kimanin 1,540 na ƙwayar gadon, damar ba ta wuce ɗaya cikin dubu ba. Lissafin na kusa-kusa ne, amma ya isa ya nuna dalilin da zai sa a ga saƙon cewa ba a sami wata kama ba. Ɗalibi da bai sani ba sai ya rubuta cewa babu dangantaka, alhali kuwa kayan aikin ne aka saita ba daidai ba. Zaɓin blastn yana neman haruffa 11 ne kacal, kuma da wannan lissafin za a sami wurare da dama da zai kama. Duk da haka DNA ba ita ce hanyar da ta dace da irin wannan nisa ba. Haruffa huɗu ne kawai, don haka ko jerin da ba su da alaƙa sukan dace da kashi 25 cikin 100, kuma harafi na uku a kowane rukunin haruffa uku da ke ba da amino asid ɗaya yakan canza ba tare da furotin ya canza ba. Furotin yana da haruffa 20, kuma ma'aunin BLOSUM62 da blastp, wato Protein BLAST, ke amfani da shi yana ba da maki ga musanya tsakanin amino asid masu hali ɗaya. Laifin hidimar a nan shi ne saƙon da take bayarwa bai fayyace wa baƙo cewa saitin da ya tarar ne ya hana shi gani ba.

Wanda DNA kaɗai ke hannunsa zai iya bi ta blastx, wanda ke fassara jerin zuwa furotin ta fuskoki shida kafin ya nema. Sai dai akwai gurbin Genetic code da mutane ke tsallakewa. Mitokondiriyar dabbobi masu ƙashin baya tana karanta TGA a matsayin tiriftofan, ba alamar tsayawa ba, tana kuma karanta ATA a matsayin metiyonin. Idan aka bar tebur na 1 maimakon a zaɓi tebur na 2, alamun tauraro, masu nuna tsayawa, za su cika sahun a duk inda TGA take, maki ya faɗi, kuma mai kallo ya zaci ƙwayar gadon ta lalace. Teburin bakteriya shi ne na 11.

E value ita ce lambar da aka fi yi wa mummunar fahimta, kuma wannan kwatanci yana koyar da ita da kyau. Ma'anarta ita ce adadin sahun da za a iya samu masu irin wannan maki bisa dace kawai a rumbu mai wannan girma. A taƙaice ana ninka tsawon jerin tambaya da girman rumbu, a raba da biyu da aka ninka da kanta sau adadin makin bit, wato makin da BLAST ke ba kowane sahu. Duk furotin ɗin HTCC1062 idan aka haɗa su kimanin amino asid 400,000 ne. Jeri mai tsawon 500 da ya sami maki 40 a wannan rumbu zai fito da E value wajen 0.0002, wadda ke kama da abin dogaro. Sahun nan dai, da maki 40 ɗin nan, idan aka neme shi a cikin nr gaba ɗaya mai ɗaruruwan biliyoyin haruffa, E value ɗinsa za ta haura goma nesa ba kusa ba, kuma ba za a ma nuna shi ba tunda shafin yakan yanke a 0.05. Saboda haka ba a kwatanta E value daga bincike biyu masu rumbu daban. Makin bit ake kwatantawa, domin shi ba ruwansa da girman rumbu. Idan kuma aka ga 0.0, ba sifili ba ne na gaske, lambar ce ta yi ƙanƙantar da manhajar ta daina rubuta ta.

Gwaji na biyu shi ne furotin da ke aiki a mitokondiriya amma ƙwayar gadonsu ta koma cibiyar ƙwayar halitta tuntuni. Sashen beta na ATP synthase, enzayim ɗin da ke haɗa sinadarin kuzari, yana daga cikin waɗanda suka fi riƙe kamanninsu, kuma abokinsa a bakteriya AtpD ne. A cikin furotin da ke taimaka wa sauran furotin su naɗe daidai, HSP60 zai kamo GroEL, HSPA9 zai kamo DnaK. A dukansu za a lura Query Cover, wato kason jerin tambaya da sahun ya rufe, bai cika ɗari ba, kuma ɓangaren da ya rage a farkon jerin yake. Wannan ba kuskure ba ne: amino asid na farko, wasu gommai daga cikinsu, adireshi ne da ke kai furotin ɗin cikin mitokondiriya, ana yanke shi bayan ya isa, kuma bakteriya ba ta da buƙatarsa. Inda ake kuskure shi ne a sakamakon da ya zo na biyu. Sashen beta zai kamo sashen alfa ma, da maki ƙasa amma E value mai kyau, domin su biyun daga tushe ɗaya suke tun kafin rabuwar waɗannan halittu. HSP70 na cikin ruwan ƙwayar halitta, ɗan uwan HSPA9, shi ma zai kamo DnaK, ko da yake ba shi ne takwaranta na kai tsaye ba. BLAST ba ya bambance takwara da ɗan uwan nesa. Maganin da aka saba shi ne a juya binciken: a ɗauki furotin ɗin bakteriyar da ya fito na ɗaya, a neme shi a cikin ofosum da lambar 13616, a ga ko zai dawo da wanda aka fara da shi a saman jeri. Da hannu ake yin wannan, ɗaya bayan ɗaya, kuma rashin maɓalli guda da zai yi shi giɓi ne a hidimar. A kula kuma cewa yawancin furotin ɗin ofosum lambarsu da XP_ take farawa, ma'ana kwamfuta ce ta yi hasashensu daga kundin gado. Idan aka ga dogon giɓi a tsakiyar sahu mai kyau, a fara zargin hasashen ya tsallake wani yanki kafin a ce halitta ce ta zubar da shi.

Gwajin da ya fi nuna gaskiyar BLAST shi ne wanda ya kamata ya fito babu komai. Pelagibacter tana da furotin mai suna proteorhodopsin da ke amfani da hasken rana wajen tura furoton ta cikin tantaninta. Idon ofosum yana da rhodopsin. Sunayen sun yi kama, kowannensu yana ratsa tantani sau bakwai, kowannensu yana riƙe da sinadarin retinal a kan amino asid laisin da ke sashe na bakwai mai ratsa tantanin. Amma jerin haruffansu ba su da kamar da za a iya aunawa, kuma blastp ba ya ƙirƙiro ta. Wanda ya ɗaga Expect threshold zuwa 10 ko 100 don dole sai ya ga wani abu zai samu guntayen sahu na amino asid ashirin ko talatin, cike da L da I da V da F. Waɗannan haruffa ne da ke yawaita a duk wani furotin da ke zaune cikin tantani, ba shaidar zumunta ba ce. Ka'idar da masu wannan aiki ke bi ita ce, ƙasa da kashi 30 cikin 100 a gajeren sahu abin tuhuma ne har sai an sami wata hujja.

Babban abin da ya kamata a faɗa game da hidimar shi ne abin da ba ta yi, ko da yake tsarin teburinta yana sa mutum ya zaci tana yi. Jerin sakamako daga mafi maki zuwa ƙasa ba salsala ba ce. Idan aka cire takunkumin Organism aka nemi COX1 a cikin bakteriya gaba ɗaya, wadda ta zo ta ɗaya ba lallai ita ce mafi kusanci da mitokondiriya ba. Tarihin SAR11 kansa shaida ne. A 2011 an buga binciken da ya sanya rukunin a matsayin makusancin mitokondiriya, sai wasu masu bincike a 2012 suka nuna cewa abin da ya jawo su wuri ɗaya a bishiyar salsala shi ne yanayin haruffansu. Kundin Pelagibacter kashi 30 cikin 100 ne kawai G da C, sauran duk A da T, kuma DNA ɗin mitokondiriya ma A da T ne suka rinjaya a cikinta. DNA irin wannan tana yawaita amino asid shida, F da Y da M da I da N da K, tana kuma rage G da A da R da P. Halittu biyu da suka bi wannan hanya kowace da kanta za su yi kama fiye da yadda zumuntarsu ta kai. Wani bincike na 2018 ma ya fitar da mitokondiriya daga cikin Alphaproteobacteria ya ajiye ta a gefensu a matsayin 'yar uwa. Ƙwararru da manyan kayan aiki sun faɗa wannan rami, balle mai dogaro da teburin BLAST kaɗai. Akwai gyaran da blastp ke yi wa maki saboda karkatar haruffa, a ƙarƙashin Compositional adjustments, kuma a bar shi a kunne, amma aikinsa rage sahun ƙarya ne, ba warware salsala ba. Mahaɗin Distance tree of results da ke saman sakamako yana zana bishiya cikin sauri; tana da amfani don kallon farko, ba ta isa a sa ta a kundin digiri ba.

Ta fuskar amfani na yau da kullum, shafin ba shi da nauyi, yana buɗewa ko da intanet mai rauni, ko da yake sahun yana wahalar karantawa a fuskar waya. Kowane bincike yana samun lamba da ake kira RID, kuma ana ajiye sakamakon awa 36 ne kawai. A rubuta lambar da zarar ta bayyana, domin idan wuta ta ɗauke ko data ta ƙare, da ita za a dawo da sakamakon ba sai an sake ba, sannan a sauke shi ta Download kafin wa'adin ya cika. Sabar ta jama'a ce, kuma NCBI tana jinkirta wa wanda ya tura bincike sama da 100 cikin awa 24. Tana shawartar masu aiki da yawa su yi shi a ƙarshen mako, ko daga ƙarfe 9 na dare zuwa 5 na asuba agogon gabashin Amurka, wanda ya yi daidai da ƙarfe 2 ko 3 na dare zuwa 10 ko 11 na safe a Najeriya da Nijar. Ke nan safiya ita ce lokacin da ya fi dacewa a nan. Idan shafin ya cushe, cibiyar EBI da ke Hinxton a Ingila da kuma UniProt suna gudanar da BLAST nasu, ko da yake saitinsu da rumbunsu sun ɗan bambanta, don haka lambobin ba za su zo daidai ba.

Wanda ke son kwatanta duk furotin ɗin halittun biyu, ba guda biyar ko goma ba, kada ya wahalar da kansa a shafin. Ya sauke BLAST+ a kwamfutarsa, shi ma kyauta ne, ya sauke fayil ɗin furotin na HTCC1062 wanda bai kai megabait ɗaya ba, da na ofosum wanda wasu gommai ne na megabait. Umarnin makeblastdb tare da -dbtype prot zai gina rumbu cikin daƙiƙoƙi, sannan blastp tare da -evalue 1e-5 da -outfmt 6 zai ba da tebur da za a iya buɗewa a Excel. Ba a buƙatar intanet bayan an sauke, kuma ƙaramar kwamfutar cinya za ta iya. A tuna cewa saitin BLAST+ ba ɗaya ba ne da na shafin: yana yankewa a E value 10 idan ba a faɗa masa ba, kuma yana ajiye sakamako har 500 maimakon 100. A fayil ɗin ofosum, ƙwayar gado ɗaya takan zo da siffofin furotin da dama, don haka a tace a bar mafi tsawo ga kowace ɗaya kafin a juya binciken, in ba haka ba takwarori na gaske za su riƙa faɗuwa saboda wata siffa ce ta daban ta dawo a saman jeri.